Ƙarfen da Ke Bayan Hajiya Lami

Ni ban iya rubutu ba, ko sunana aka ce in sa sai dai in dangwala yatsa. Bilkisu matar autana Sanusi ce ke riƙe da biro, ni kuma ina faɗa. Na ce ta rubuta ne saboda 'yan matan nan namu na unguwar Setapak a nan Malesiya, 'yan makaranta, da suka fara karɓar zaman jinya in an yi hutu. Kwanaki ɗaya daga cikinsu ta zo gaishe ni, tana latsa waya tana cewa da salon maganar mutanen ƙasar nan, "Inna, ai aikin nan naki ba wuya lah. Zama ne a ɗaki mai sanyi, ki miƙa magani, ki kunna talabijin." Na yi dariya, na zuba mata kunu. Da ta tafi sai na ga gara in faɗa tun bakina yana motsi, domin bayan mutum ne za a damƙa musu.

Ba sana'a na zo yi ƙasar nan ba, miji na kawo. Malam, Allah ya ji ƙansa ya haskaka kabarinsa, tela ne a Fagge. Tun yana saurayi yake duƙe a kan keke, har bayan ya gaji, ƙafar hagu ta fara ja. Lokacin Sanusi yana karatu a nan Kuala Lumpur da tallafin gwamnati, shi ya matsa aka kawo shi. Likitoci suka buɗe gadon bayansa, suka ɗaura sandunan ƙarfe biyu a jikin ƙashin, suka kafe su da kusoshi, domin su riƙe wurin kafin ƙashi ya haɗe da kansa.

Washegarin aikin na shiga asibiti da filas ɗin ruwan zafi da ƙaramin daro da tawul. A wurinmu duk inda jiki ya ji ciwo gasa shi ake yi. Mai jego a gasa ta, mai targaɗe a gasa shi, wanda ya faɗo daga babur a gasa shi. Ina matse tawul ke nan sai wata nas ta shigo, Sista Rohani, gajeriya mai farin ɗankwali da gilashi a kan hanci. Ta riƙe mini hannu ta ce, "Tak boleh, makcik." Wato ba ya yiwuwa, inna. Ban ji yarenta ba a lokacin, amma na ji hannun. Na fara ɓata rai, don wace ce ita da za ta shiga tsakanina da bayan mijina? Ba ta zubar da ruwan ba. Ta sirka shi da na sanyi, ta tsoma gwiwar hannunta ta ji, sannan ta ja daron zuwa ƙarshen gado, ta yaye bargo daga ƙafafun Malam ta nuna mini. "Sini boleh." Nan ya yiwu. Malam yana kwance a gefe ɗaya yana dariya ƙasa-ƙasa, ya ce, "To, an sauke ki daga sama, an ba ki sarautar ƙasa." Ranar na fara koyon aikin nan ban sani ba.

Ciwon Malam ya ruɓa ta ciki duk da haka, ba laifin kowa, yana da ciwon sukari kuma masu sukari sun fi saurin kamuwa. Ya fara samun sauƙi, har yana takawa zuwa banɗaki, sai zafin ya dawo sabo, ya fi na kafin aiki. Bandejin ya riƙa jiƙewa da wani ruwa-ruwa. Aka mayar da shi tiyata, aka warware ɗinkin, aka wanke har kan ƙarfen, aka yanke naman da ya mutu. Bayan 'yan kwanaki aka sake. Muka daɗe a asibitin nan har masu shara suka san ni, suna kawo mini shayi.

A wannan zaman Sista Rohani ta koya mini komai, ba da baki ba, da hannu. Ta koya mini wanke hannu har gwiwar hannu, da goge tsakanin yatsu, da cire zobe. Ta koya mini juya mai ƙarfe a baya: kafaɗa da ƙugu su tafi tare kamar ana mirgina gungume, ba a murɗa shi. Ta koya mini duba zanen gado kafin in duba fuskar mara lafiya, domin fuska tana iya daurewa, zane kuwa in ruwa ya zubo sai ya nuna. In na yi daidai ta ce "pandai", wato na iya, in na yi kuskure ta ɗan buge mini bayan hannu kamar yarinya, alhali na girme ta nesa ba kusa ba.

Kayan aikina ba su da yawa, har yanzu suna cikin jakar da ke ƙarƙashin gadona. Akwai ma'aunin zafin jiki, da na sukari, da kwalin safar hannu, da sabulu, da 'yar fitilar hannu ta duba ɗinki. Ban iya karanta lamba ba, Sanusi ya sayo mini ma'aunin da fuskarsa ke yin ja in zazzaɓi ya hau. Sai filas da daro da tawul. Ni ba na buɗe ciwo, ba na sa allura, wannan aikin nas ne. Nawa shi ne in gani da wuri, in faɗa da wuri, in kuma tsare wurin daga masu son mara lafiya.

Abin da ya fi ba ni tsoro da farko shi ne injin zuƙe ruwa. Bayan an wanke ciwo mai zurfi ba a rufe shi nan take. Ana cusa wani baƙin soso a ciki, a manne da leda, a jona siririn tiyo zuwa wani ɗan inji kamar rediyo. Yana zuƙe ruwan ciwon a hankali, nama yana tasowa daga ƙasa. In ledar ta ɗaga ko tiyon ya lanƙwashe sai ya kama kuka. Malam ya raɗa masa suna Ɗan Lele, wai ya fi jariri rigima. Da shi yake sallah a zaune, an rataya masa shi a kafaɗa.

Allah ya tashi kafaɗar Malam, ƙarfen ya zauna. Shekarun da suka biyo baya su ne mafi daɗi a zamana na duniya, kuma ba na jin kunyar faɗa a gaban surukata. Ran Juma'a mu hau jirgin ƙasan nan na LRT mu sauka a masallacin Masjid Jamek, shi da sandarsa, ni da jakata. In an idar sai mu bi titin Jalan Masjid India a hankali. Ba ya wuce kantin yadi bai taɓa ba. Ya murza yadi tsakanin yatsu, ya juya rigar da aka rataya ya duba ɗinkin ciki, ya girgiza kai ya ce, "Wannan da a Fagge ne da an koro shi." Telolin Indiyawan nan suka saba da shi, suna ba shi kujera, ana musu da hannu ba mai jin yaren wani. Daga nan mu zauna a shagon mamak, wato na Indiyawa Musulmi masu sayar da abinci, ya sha shayi ba sukari yana ɓata fuska, yana leƙen nawa kofin.

A cikin shekarun nan labari ya kai gida cewa akwai wata tsohuwa a Malesiya da ta san jinyar baya. Wanda zai kawo uwarsa ko matarsa aiki sai ya nemi Sanusi. Mata kawai nake karɓa. Na yi jinyar wata malamar makaranta daga Katsina da ba ta yarda a juya ta sai an yi mata bayanin dalili. Na yi ta wata tsohuwa daga Haɗeja da ta ƙi cin komai sai tuwo, muka riƙa tuƙa garin shinkafa muna kaɗa kukar da 'yan makaranta suka zo da ita, don nama ba ya tasowa a jikin da ba ya ci. Yawancinsu lafiya suka warke ba wata matsala. Ruɓar ciki ba kowa take samu ba, amma wadda ta samu ta san ta gamu da aiki.

Malam ya rasu ba da ciwon baya ba, zuciya ce. Ba zan iya faɗar wannan da tsawo ba. Bilkisu, bar biron in sha ruwa.

Na fita takaba ba da daɗewa ba cutar korona ta shigo, aka rufe gari, jiragen sama suka tsaya. Ni dama na ce na bar aiki, hannuna ba ya son taɓa komai. Sai Sanusi ya zo ya durƙusa ya ce akwai wata baiwar Allah a unguwar Sri Petaling, Hajiya Lami, 'yar kasuwar Kwari da ta saba zuwa sarin yadi da hijabai. An yi mata aikin ƙarfe gab da rufe gari, an sallame ta, ga shi ba hanyar komawa. Daga ita sai yayarta Hajiya Asabe a gidan haya, ba mai jin Turanci ko Malayanci a cikinsu. Na ce ba za ni ba. Ya ce, "Inna, da Baba yana nan me zai ce?" Na ɗauko jakata.

Ina shiga ɗakin na ji ƙamshin man kaɗanya. Hajiya Asabe ta tarbe ni da fara'a, doguwar mace mai murya, ta girmi ƙanwar sosai. Ta ce, "Inna, ai kin zo a kan gaɓa, aiki ya ƙare. Zo ki ga yadda bakin ciwo ya rufe, kamar ba a taɓa yanka ba."

Na ce, "Hajiya Lami, ya jiki?"

Ta ce, "Da sauƙi, Inna, alhamdu lillahi."

Amma da na ce ta juya, sai na ga ta damƙe katifa har jijiyoyin hannunta suka tashi. Na duba zane, ga wani ɗan tabo rawaya-rawaya daidai ƙugu. Na wanke hannu na sa safar hannu na haska fitila. Sama ɗinkin ya haɗe da kyau, gaskiyar Asabe. Can ƙasa kuwa wurin ya kumbura yana sheƙi, ya fi sauran jiki ɗumi, kuma akwai wata 'yar kafa kamar ta allura tana tsattsafo da ruwa. Ba bandeji. A ƙarƙashin gado ga daro da tawul a jiƙe.

Na ce, "Hajiya, gashi ake yi mata?"

"Safe da yamma," in ji Asabe tana gyara ɗaurin zane. "In gama in shafa mata man kaɗanya. Ledar nan da suka manna ai hana ciwo shan iska take yi, na ɓanɓare ta. Duk haihuwar da yarinyar nan ta yi ni na gasa ta, ko ciwon kai ba ta taɓa yi ba."

"Zafin fa, yaushe ya dawo?"

Lami ta kalli yayarta ta sunkuyar da ido. "Ya ɗan kwana biyu. Ban so in tayar wa Yaya hankali."

Asabe ta buɗe jaka ta zaro kafso mai ja da rawaya da ta zo da shi daga Kano. "In ruwa ne yake yi ga wannan, ya bushe da shi."

Na ce ta mayar. Likita zai ɗebi abin da ke ciki ya gano wace ƙwayar cuta ce, in an riga an sha magani sai ta ɓuya a rasa ta. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke likita ce?" Na ce, "A'a. Matar mai ƙarfe ce." Na kira Sanusi ya kira asibiti.

Ranar aka karɓi Lami a asibiti, kuma saboda cutar ba a bar kowa ya bi ta ciki ba. A bakin ƙofa muka tsaya aka tura ta a keke tana waiwaye. Da la'asar likitan ya yi magana ta waya, Sanusi yana fassara mana. Ya ce mugunya ta taru a ƙasa har ta kai ga ƙarfen. Za su buɗe su wanke. In sun tarar kusoshin suna nan daram, za su bar ƙarfen su yaƙi cutar da magani. In sun yi sako-sako kuwa dole a cire, alhali ƙashin bai haɗe ba, sai doguwar kwanciya da wani aikin a gaba, kuma bai yi alkawarin za ta miƙe kamar da ba. Asabe ta fizge wayar ta ce a tambaye shi ko gashinta ne ya jawo. Likitan ya ce ba zai iya rantsewa ba, cutar tana iya shiga ko ba a yi komai ba, amma jiƙa ɗinki da shafa masa mai ba su taimaka ba, kar a sake.

Asabe ta zauna a ƙasa a tsakar ɗaki. Ta ƙi cin abinci, ko wanda Sanusi ya ƙunso mana daga shagon abinci ya ajiye a ƙofa. Tana ta cewa, "Ni na goye ta. Uwarmu ta rasu Lami tana rarrafe, ni na goye ta. Yanzu a ce hannuna ne zai kwantar da ita?" Ni ma da nawa kukan a cikina, muka zauna muna yi tare, kowa da wanda take yi wa.

Kusoshin suna nan daram. An wanke, an sake wankewa, aka sallamo ta da Ɗan Lele a rataye da wata siririyar roba a jijiyar hannu ta ba da magani. Likita ya ce ba a tsira ba tukuna, in cutar ta dawo ƙarfen zai fita. Wata nas tana zuwa gida da takunkumi tana canza soso tana sa allura. Ni kuma na tare a gidan gaba ɗaya, ina juya ta, ina gwada zafi, ina duba zane, ina lallashin inji.

Ba a yi kwana nawa ba, da safe bayan mun karya, na fito daga banɗaki na tarar da Asabe tsaye a kan ƙanwarta da daro yana tururi. Ta ɗaga rigar Lami.

Na ce, "Hajiya!"

Ta ce, "Ba kan ciwon ba, gefe-gefe kawai. Kina ji tana cewa bayan ya ƙage. In zauna ina kallo? Ke ki juya, nas ta soka, inji ya zuƙa, ni da na goye ta ba ni da abin yi sai zaman baƙunta?"

Tururin kaɗai ya isa ya ɗaga ledar. Na san in na ƙwace daron yau, gobe ina banɗaki za ta sake, kuma Lami ba za ta taɓa ce wa yayarta a'a ba. Sai na karɓi daron da hannu biyu kamar zan taya ta. Na sirka ruwan, na tsoma gwiwar hannuna, na sa ta tsoma tata. Na ce, "Wanda aka taɓa wa baya, ƙafarsa ba ta jin zafi sosai, sai ki ƙona ta ba ta sani ba. Iyakarsa ke nan." Na ja daron zuwa ƙarshen gado na yaye bargo. "Daga gwiwa zuwa ƙasa naki ne, safe da yamma, ba mai taɓa miki. Daga gwiwa zuwa sama na likita ne."

Ta yi tsaki ta ce, "Ciwo na baya, a ce in gasa ƙafa. Wannan wane irin aiki ne?"

Lami ta ce daga kwance, "Yaya, wallahi ƙafafun nan sanyi suke yi mini. Yi mini."

Ta zauna ta ɗora ƙafar a cinyarta. Tun daga ranar ba ta ƙara kallon bayan ba. Ta mayar da ƙafafun nan gonarta, ta gasa, ta tsane, ta shafa man kaɗanyarta, ta ja yatsu ɗaya bayan ɗaya, har lalle ta ƙunsa mata da sallah ta zo muna kulle. In nas ta zo sai ta tsare ta tana nuna mata da hannu wai ta yaba.

Rigima ta ƙarshe ita ce ta magani. Da aka cire inji aka ɗinke, fata ta rufe, sai su biyun suka ce an warke, ƙwayoyin nan suna tayar wa Lami zuciya, a bari. Na ce ai wancan karon ma ta rufe. Cutar tana manne wa ƙarfe ne ta yi lamo, shi ya sa ake shan maganin wata da watanni bayan ido ya daina ganin komai, ana zuwa gwajin jini. Asabe ce da kanta ta karɓi wannan aikin. Tana gama gasa ƙafa sai ta miƙa ƙwaya da ruwa ta tsaya a kanta, kuma ba a yi wa Asabe gardama.

Kafin a buɗe hanyar jirgi aka ɗauki hoton bayan, likita ya ce ƙashi ya kama, ƙarfe yana wurinsa, jini ya yi kyau. Da aka sassauta kulle Lami ta ce sai ta je Jalan Masjid India da ƙafarta. Muka je, tana takawa a hankali tana tsayawa, tana murza yadi tsakanin yatsu tana taya farashi da hannu. Wani tela ya gane ni ya fito ya nuna tsayin sanda da hannunsa, yana tambayar ina mai ita. Na nuna masa sama. Ya cire hularsa ya riƙe.

Ana gobe za su tafi, da hantsi, ina zaune a bakin gado ina naɗe kayana, Asabe ta shigo da daro. Na ce ai Lami tana wanka. Ta ce, "Ba ita ba." Ta ce tun da na zo gidan ta lura kullum da safe ina cika filas ɗina in ajiye, har yamma ban taɓa shi ba, in zubar. Na ce sabo ne. Tun ranar da Sista Rohani ta nuna mini ƙafafun Malam ban fasa gasa su ba ko rana ɗaya, har safiyar da ya rasu. Hannuna bai san Malam ya tafi ba.

Ta durƙusa, ta tsoma gwiwar hannunta a ruwan, ta ce, "Miƙo."

Na ce, "Haba Hajiya, ni da na zo yi muku aiki?"

Ta ce, "Daga gwiwa zuwa ƙasa nawa ne, ke kika faɗa. Miƙo, Inna."

Na miƙa. Tun da uwata ta rasu ba wanda ya riƙe ƙafata. Ta matse tawul ta ɗora, ni kuwa na kifa fuska a mayafi na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da Malam, ita ba ta ce in yi shiru ba, ta ci gaba da aikinta har ruwan ya huce.

Hajiya Lami tana Kwari har yau da ƙarfenta. Ni hannuna ya fara rawa, na ajiye aikin. Ku 'yan mata, in kun karɓi jinyar mai ƙarfe ku wanke hannu, ku duba zane, kar rufewar fata ta ruɗe ku, in kun ga abin da ba ku gane ba ku kira asibiti a ranar. In kuma kuka ga 'yar uwarta ta nufo gado da daro, kar ku kore ta, ku sirka mata ruwan ku nuna mata ƙafa.

Bilkisu, ya isa haka. Filas ɗin yana bayan ƙofa, na cika shi da safe. Zuba ki yi shayi, kar ya huce a banza.